Alan Hodgkin: Masanin da ya bi sawun lantarkin jijiya har cikin ido

Idan aka ɗauke wuta da daddare a Gyadi-Gyadi, kowa kan tsaya cik na ɗan lokaci, domin da farko ba a ganin komai. Bayan 'yan mintuna sai bango da ƙofa su fara bayyana, kafin rabin awa mutum ya iya bin lungu ba tare da ya kunna fitilar waya ba. Amma akwai waɗanda duhun ba ya yaye musu. Da zarar magariba ta yi sai an kama musu hannu, yaro ne ko babba. Wannan shi ne dundumi.

Bambancin mutanen biyu yana cikin wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bangon bayan ido, wanda likitoci ke kira retina, da kuma wasu ƙofofi ƙanana da ke jikin ƙwayoyinsa, waɗanda ke buɗewa su rufe don gishiri ya wuce. Cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa wajen fahimtar waɗannan ƙofofi akwai wani Bature ɗan Ingila, Sir Alan Lloyd Hodgkin, wanda ya rasu a 1998. Ba suna ba ne da ake ji a majalisar mai shayi. Sai dai duk ɗalibin likitan da ya kai ga shiga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, a ƙaramar hukumar Tarauni, ya riga ya sha fama da abin da Hodgkin ya gano kafin a bar shi ya taɓa majinyaci.

Maraya a shekara huɗu

An haifi Hodgkin ranar 5 ga Fabrairu, 1914, a garin Banbury na ƙasar Ingila, kuma shi ne babba a cikin 'ya'ya maza uku. Iyayensa mabiya ɗariƙar Kirista ne ta Kwaika, wadda ta haramta wa mabiyanta ɗaukar makami. Mahaifinsa, George, ya so ya zama likita, amma raunin ido ya hana shi, sai ya ƙare da aikin banki. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya ƙi shiga soja, ya koma aikin agaji ga 'yan gudun hijirar Armeniya. A kan hanyarsa ta zuwa wannan aiki karo na biyu atini ya kama shi, ya rasu a Bagadaza a 1918, lokacin Alan yana da shekara huɗu.

Gidan nasu gidan ilimi ne tun asali. Baffan kakansa, Thomas Hodgkin, shi ne likitan da aka sa wa wani nau'in cutar daji sunansa. Ɗan baffansa kuwa, shi ma Thomas, masanin tarihin Afirka ne, wanda a 1960 ya wallafa littafin Nigerian Perspectives, inda ya tattaro rubuce-rubucen tarihin ƙasar nan, har da na malaman jihadin Sakkwato. Matar wannan Thomas ɗin, Dorothy, tana Ghana labari ya iske ta cewa ta ci kyautar Nobel ta 1964 a fannin kimiyyar sinadarai.

Alan ya tashi da sha'awar kallon tsuntsaye da neman sheƙarsu. Da ya samu gurbi a Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij a 1932, wani malamin ilimin dabbobi, Carl Pantin, ya ba shi shawarar ya dage da lissafi da fiziks. Wannan shawara ita ta bambanta shi da yawancin sa'o'insa masu nazarin halittu. Tun yana ɗalibi ya fara gwaji da jijiyar kwaɗo, daga baya ya ƙware wajen zaro zaren jijiya guda ɗaya tak daga ƙafar ƙaguwa. A 1936, yana ɗan shekara 22, kwalejin ta ɗauke shi cikin malamanta.

Dabbar teku mai kaurin jijiya

Tun ƙarni na 18 aka san cewa saƙon da jijiya ke kaiwa yana da alaƙa da lantarki. Abin da ba a sani ba shi ne daga ina lantarkin yake fitowa, tunda babu waya babu batir a jikin mutum. Wani Bajamushe, Julius Bernstein, ya kawo bayani a 1902: cikin jijiya ya fi wajenta yawan gishirin fotasiyam, shi ya sa take zama kamar ƙaramin batir, kuma idan saƙo ya zo sai bangonta ya saki gaba ɗaya, cajin ya faɗi zuwa sifili. Bayanin ya yi kyau a takarda. Matsalar ita ce babu mai iya leƙa cikin jijiya ya auna, saboda zarenta ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba.

Mafita ta zo daga teku. A 1936 masanin dabbobi J. Z. Young ya nuna cewa sikwid, wata dabbar ruwa mai hannaye goma, tana da zaren jijiya mai kaurin da kan kai rabin milimita, wani lokaci har milimita guda. Hodgkin ya fara aiki da wannan jijiya ne a 1938 a Amurka, a wurin Kenneth Cole. A wannan tafiya ce kuma ya haɗu da Marion Rous, wadda ya aura a 1944.

A bazarar 1939 ya tafi ɗakin binciken halittun ruwa na Plymouth tare da wani ɗalibinsa mai shekara 21, Andrew Huxley. Suka zura wani siririn bututun gilashi cikin jijiyar ba tare da ya kankari bangonta ba, aikin da ya fi zura zare a kafar allura wuya. Abin da suka gani bai yi daidai da littafi ba. Cajin cikin jijiyar bai tsaya a sifili ba, ya zarce shi da kimanin milibolt 40, wato batirin ya juye kansa na ɗan ƙiftawa sannan ya dawo. Ba su kai ga gano dalili ba Hitler ya afka wa Folan ranar 1 ga Satumba. Suka wallafa gajeren rahoto a mujallar Nature, suka tattara kayansu.

Ɗan mutumin da ya ƙi yaƙi bai bi sawun mahaifinsa ba a nan. Hodgkin ya shafe kusan dukkan shekarun yaƙin yana aikin ƙera rada ta cikin jiragen yaƙi, mai gano jirgin abokan gaba cikin dare, har yana shiga jirgin da kansa lokacin gwaji. Shekarun sun ci masa lokaci, amma ya fito da ƙwarewar haɗa na'urorin lantarki da babu malamin ilimin jiki da yawa da ke da irinta.

Gishirin miya da injin juyawa da hannu

Sai a 1947 ya koma Plymouth, inda bama-baman Jamus suka lalata wani sashe na ɗakin binciken. Shi da Bernard Katz, Bayahuden da ya gudo daga Jamus, suka yi wani gwaji mai sauƙin fahimta: suka rage sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya, daga ruwan da jijiyar ke kwance a ciki. Duk lokacin da suka rage, sai saƙon ya yi rauni. Da suka ƙara, sai ya ƙaru. Ashe sodiyam ne ke kwararowa ciki ya juya cajin.

Daga nan shi da Huxley da Katz suka ɗauki wata dabara da Cole da George Marmont suka fara, ta ɗaure ƙarfin lantarkin jijiya a mataki guda don a auna abin da ke shiga da fita, suka gyara ta. Yawancin awon da ya yi musu suna sun yi shi ne a bazarar 1949. Amma fassara shi ya ci su shekara biyu.

Abin da suka gano shi ne hanyoyi biyu ne daban. Ta sodiyam tana buɗewa da sauri, gishirin ya shigo, sai ta kulle kanta. Ta fotasiyam tana biyo baya a hankali, ta fitar da nata gishirin, cajin ya koma yadda yake. Duk wannan yana faruwa cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma kowane yanki na jijiya yana tayar da na gaba da shi, kamar yadda wuta ke bin busasshiyar ciyawa.

Sun rubuta wannan a matsayin lissafi, suna so su ga ko lissafin kaɗai zai iya haifar da saƙon jijiya. A lokacin kwamfutar Kambirij, EDSAC, tana rufe ana yi mata gyara na watanni. Huxley ya zauna da injin lissafi na Brunsviga, wanda ake juyawa da hannu, ya yi kusan mako uku yana murzawa. Lissafin ya ce saƙon zai yi gudun mita 18.8 a daƙiƙa. Abin da aka auna a jijiyar gaske mita 21.2 ne. Maƙalu biyar suka fito a 1952, kuma har yau da wuya a samu wani aiki a ilimin halittu da lissafi ya yi wa adalci kamar wannan.

Abin lura shi ne ba su taɓa ganin ƙofa ko ɗaya da idonsu ba, kuma sun yi taka-tsantsan wajen faɗin yadda take. A 1955 Hodgkin da Richard Keynes suka ƙara matsawa, suka nuna cewa dole ƙwayoyin fotasiyam suna bin wata matsattsiyar kafa ne a layi, ɗaya bayan ɗaya. A 1963 aka ba Hodgkin da Huxley kyautar Nobel tare da John Eccles na Ostireliya. Cole, wanda ya nuna masa jijiyar sikwid kuma ya fara dabarar awon, bai shiga cikin rabon ba, abin da har yanzu wasu masana ke gani da sauran magana a kai.

Ido: ƙofar da haske ke rufewa

Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, da Nobel a hannu, yakan koma halartar taruka ne. Hodgkin ya samu muƙamai: shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society daga 1970 zuwa 1975, sarautar Sir a 1972, shugaban Kwalejin Trinity daga 1978 zuwa 1984. Amma a daidai wannan lokaci ya canza fage, ya koma kan ido, kuma a kansa ya ƙare rayuwarsa ta bincike.

Tambayar tsohuwa ce. Ibn al-Haisam ya tabbatar a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba. Kepler ya nuna a 1604 cewa hoton yana sauka ne a kan retina. A 1876 Franz Boll ya ga wani launi ja a retinar kwaɗo da ke koɗewa idan haske ya taɓa shi, daga baya George Wald ya gano cewa da bitamin A ake yin sa. Abin da ya rage shi ne yadda koɗewar launi ke zama saƙon lantarki.

Retinar mutum tana da ƙwayoyin karɓar haske iri biyu. Masu siffar sanda, kimanin miliyan 100, su ne na ganin dare. Masu siffar mazurari, miliyan 5 zuwa 6, su ne na rana da launi da karatu. Kowa ya ɗauka haske yana kunna su ne kamar yadda ake kunna ƙwan lantarki. Sai Tsuneo Tomita na Japan ya auna a 1965 ya samu akasin haka, kuma a 1970 William Hagins da abokan aikinsa suka nuna cewa a cikin duhu ne lantarki ke gudana a jikinsu ba tsayawa. Ƙofofin a buɗe suke cikin duhu, sodiyam da kalsiyam na shiga, famfon ƙwayar na fitar da su. Haske rufe ƙofar yake yi, kuma wannan tsayawar kwararar ita ce saƙon da ake miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ke nan ƙwayoyin sanda sun fi cin kuzari lokacin da mutum yake zaune a duhu.

Hodgkin ya fara taɓa wannan fage tun 1962, lokacin da shi da M. G. F. Fuortes suka yi aiki a kan idon wata ƙaguwar teku, suka nuna cewa tsakanin saukar haske da fitowar lantarki akwai jerin matakai na sinadarai. Daga 1970 ya koma kan idon kififiya tare da matashin Ba'amurke Denis Baylor, sannan Trevor Lamb. Sun auna yadda ƙwaya guda ke rage jin haske da kanta idan wuri ya yi haske, ta kuma ƙara saurin amsawa, wanda shi ne dalilin da ido ɗaya ke aiki a hasken farin wata da kuma tsakar ranar watan Afrilu a Kano. A 1979 Baylor da Lamb da King-Wai Yau suka nuna cewa ƙwayar sanda guda tana iya jin ƙwayar haske guda ɗaya tak, wadda ke rufe ɗaruruwan ƙofofi.

An shafe shekaru ana gardama kan wane ne ɗan aiken da ke rufe ƙofar. Da yawa sun ce kalsiyam ne. A 1985 Evgeniy Fesenko da abokansa a Tarayyar Sobiyet suka raba gardamar: wani sinadari ne mai suna cGMP ke riƙe ƙofar a buɗe, haske kuma yana tayar da wani sinadarin da ke lalata shi. Hodgkin, yana da shekara saba'in da ɗoriya, yana nan a ɗakin bincike tare da Peter McNaughton da Brian Nunn suna auna irin gishirin da ke bin ƙofar da yadda ƙwayar ke fitar da kalsiyam. Awonsu ya taimaka wajen gano ainihin aikin kalsiyam, wato daidaita ido da yawan hasken wuri.

Wannan bayani yana da wani reshe da ya kamata masu shan maganin ƙarfin maza su sani. Sinadarin sildenafil da ke cikin Viagra yana ɗan taɓa wanda ke lalata cGMP a ido, shi ya sa wasu ke ganin komai ya yi shuɗi-shuɗi bayan sun sha, musamman idan sun zarce ƙima.

Idan ƙofar ta lalace

Bayan da aka gano ƙwayoyin gadon da ke gina waɗannan ƙofofi, sai cututtukan da aka daɗe da sani suka samu bayani. Idan ƙofar ƙwayar sanda ce ta lalace, saboda tangarɗa a CNGA1 ko CNGB1, mutum kan samu wani nau'i na cutar da likitoci ke kira retinitis pigmentosa. Tana farawa da dundumi, sai ganin gefe ya yi ta tsukewa shekara bayan shekara har mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Cutar, da dukkan nau'o'inta masu sabuba daban-daban, tana kama kusan mutum ɗaya cikin 4,000 a duniya.

Idan ta mazurari ce, wato CNGA3 ko CNGB3, yaro kan taso ba ya bambance launi ko kaɗan, idonsa na rawa, rana na kashe masa ido. A tsibirin Pingelap da ke tekun Pasifik, wata guguwa ta 1775 ta bar mutane kusan 20 kacal a raye, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da wannan gado. Zuriyarsu ta yi ta auren juna, yau cutar da ke kama mutum ɗaya cikin 30,000 a wasu wurare ta zama ruwan dare a tsibirin. Akwai kuma dundumin da ake haihuwar yaro da shi amma ba ya ƙaruwa, wanda kan fito daga ƙofar kalsiyam ta CACNA1F ko ƙofar TRPM1.

Labarin Pingelap ya shafi ƙasar Hausa, inda auren zumunci ya zama al'ada. Yawancin waɗannan cututtuka ba sa bayyana sai yaro ya gaji tangarɗar daga uwa da uba duka, alhali su iyayen lafiyarsu ƙalau. Wannan ba ya nufin kowane auren zumunci zai haifar da makanta. Amma gidan da aka ga yara biyu ko uku suna lalube da magariba, ya kamata a kai su a duba bayan idonsu, a kuma faɗa wa likita dangantakar iyayen, kafin a ɗora wa iska ko sammu.

Dole ne kuma a ajiye abin a ma'auninsa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kashi 16.7. Kashi 84 cikin 100 abin da za a iya kaucewa ne ko a magance. Don haka yawancin waɗanda ke layi a sashen ido na asibitin Malam Aminu Kano, ko a asibitin ido na ECWA da ke aiki a Kano tun 1943, ba ciwon ƙofofin gishiri ne ya kai su ba. Shi kansa dundumin yara sau da yawa ƙarancin bitamin A ne, wanda hanta da ƙwai da manja da ganye da ɗigon da ake ba yara a makon lafiya ke magancewa. Haɗarin yana wajen ɗaukar kowane dundumi a matsayin abu ɗaya: na yunwa yana warkewa cikin kwanaki, na gado ba ya jin hanta, kuma likitan ido ne kaɗai zai raba su.

Ko a wajen mai yanar ido ma aikin Hodgkin yana nan. Allurar kashe zafi da ake yi kafin a cire yanar tana toshe ƙofar sodiyam ne, saƙon ciwo ya kasa wucewa. Wasu magungunan farfaɗiya ma a kan wannan ƙofa suke aiki.

Maganin yawancin cututtukan gadon kuwa har yanzu yana matakin gwaji. A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 58 da retinitis pigmentosa ta makantar, wanda aka dasa wa sauran ƙwayoyin idonsa wata ƙofar gishiri da aka samo daga gansakuka, mai buɗewa idan haske ya taɓa ta. Da taimakon tabarau na musamman ya iya gano kayan da aka ajiye a kan tebur, ya ƙirga su. Bai kai ga gane fuska ba.

Ƙarshen rayuwa

A 1976 Erwin Neher da Bert Sakmann suka auna lantarkin ƙofa guda ɗaya tana buɗewa tana rufewa, abin da ya kawo musu Nobel a 1991. Hodgkin ya ga wannan da ransa. A 1989 aka yi masa tiyata a ƙashin baya, daga nan tafiya ta gagare shi sai da taimako, aikin ɗakin bincike ya tsaya. Ya yi amfani da zaman wajen rubuta tarihin rayuwarsa, Chance and Design, wanda ya fito a 1992.

A watan Afrilun 1998 Roderick MacKinnon da ɗalibansa a New York suka wallafa hoton ginin ƙofar fotasiyam, zarra bayan zarra. A tsakiyarta akwai matsattsiyar kafa, ƙwayoyin gishirin na jere a cikinta ɗaya bayan ɗaya, yadda shi da Keynes suka lissafo shekara 43 kafin nan. Hodgkin ya rasu a Kambirij bayan wata takwas, ranar 20 ga Disamba, 1998, yana da shekara 84. Ya bar matarsa Marion da 'ya'ya huɗu, mata uku da namiji ɗaya, Jonathan, wanda ya zama masanin ƙwayoyin gado.